Nawa ne zai isa mutum ya ajiye aiki ya huta?

A watan Afrilun 2019, a wani taron Gidauniyar Mo Ibrahim da aka yi a Abijan, Aliko Dangote ya ba da labarin da ya zaga duniya. Ya ce akwai ranar da ya je banki ya ciro dala miliyan 10 tsaba, ya zuba a bayan motarsa, ya kai gida ya buɗe ya zuba musu ido, don kawai ya tabbatar wa kansa cewa kuɗin da yake gani a takarda da gaske akwai su. Washegari ya mayar da su banki. Jama'a da dama sun ɗauki labarin abin raha. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin da yau ake ƙirgawa a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka, shi ma sai da zuciyarsa ta nemi shaida. Adadin da ke rubuce a takardar banki bai isa ya kwantar masa da hankali ba.

Idan haka ta faru ga Dangote, ina ga ma'aikacin banki ɗan shekara 35 a Kaduna, ko mai shagon waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, wanda ke kwana yana lissafin nawa zai tara ya huta da fitar asuba da dawowar dare? Tambayar tsohuwa ce, amma ta sake tasowa da ƙarfi tun da bidiyoyin wasu Amurkawa suka fara yawo a wayoyin matasanmu. Masu wannan ra'ayi, waɗanda ke kiran tafiyarsu FIRE, wato a tara abin dogaro da kai a yi ritaya da wuri, cewa suke mutum ya ƙuntata wa kansa, ya riƙa ajiye rabin albashinsa ko fiye, ya zuba a hannun jari. Ranar da abin da ya tara ya kai ninki 25 na abin da yake kashewa a shekara, sai ya miƙa takardar ajiye aiki ko da shekarunsa 40 ne. Tambayoyi uku aka cusa a cikin wannan alkawari: ko dukiya na kawo farin ciki, ko tana kawo aminci, da ko akwai wani adadi da in an kai shi an gama. Amsoshinsu ba ɗaya ba ne. Ta ukun ce ta fi damuna, domin kuskure a cikinta shi ke jefa mutum cikin talauci da furfura a kansa.

Ta farkon ta fi sauƙin amsawa. Ana yawan ce wa talaka kuɗi ba ya sayen farin ciki, kuma ba na son wannan magana, domin tana raina ciwon magidancin da ya kwana bai san inda kuɗin cefanen gobe zai fito ba. Bincike ma bai goyi bayanta ba. A 2010, Daniel Kahneman da Angus Deaton, malamai a Jami'ar Princeton waɗanda kowannensu ya samu lambar Nobel ta tattalin arziki, sun nazarci amsoshi sama da 450,000 da kamfanin Gallup ya tattara daga Amurkawa. Sun raba abu biyu da mukan haɗa: yadda mutum ke auna rayuwarsa gaba ɗaya in an tambaye shi, da yadda ya wuni jiya, cikin walwala ko cikin damuwa. Na farkon ya ci gaba da hawa muddin kuɗin shiga na ƙaruwa. Na biyun kuwa sai suka ga ya tsaya a wajen dala 75,000 a shekara. Wannan adadi ya shahara ƙwarai, har Matthew Killingsworth na Jami'ar Pennsylvania ya zo a 2021 da wata hanya: manhajar waya da ke tambayar mutum a lokuta daban-daban na yini yadda yake ji a daidai wannan lokaci. Ya bi mutum sama da 33,000, bai ga inda abin ya tsaya ba.

Maimakon su yi ta musu a jaridu, Kahneman da Killingsworth suka zauna tare, da Barbara Mellers a matsayin mai raba gardama, suka sake duba alƙaluman, suka fitar da sakamako a 2023. Ga mafi yawan mutane, jin daɗin rai yana ci gaba da ƙaruwa da ƙaruwar kuɗi. Amma akwai wani rukuni, kimanin ɗaya cikin biyar, na waɗanda suka fi kowa ƙuncin rai. Su kuɗi na rage musu damuwa har zuwa wajen dala 100,000, daga nan ya daina. Abin da ya saura musu, irin su rashin wani nasu, mutuwar aure, ciwon damuwa, ba shi da magani a banki.

Akwai abu biyu a binciken da ba a cika faɗa ba. Na ɗaya, ninkawa ce ke aiki, ba ƙari kawai ba. In muka mayar da ma'anar zuwa naira, sauƙin da mai albashin 70,000 zai ji in aka kai shi 140,000, kusan shi mai miliyan 7 zai ji sai an kai shi miliyan 14. Na biyu, bambancin kansa ba shi da yawa: tsakanin gidan da ke samun dala 15,000 da wanda ke samun 250,000, tazarar kimanin maki biyar ce a ma'auni mai maki 100. Wato kuɗi na ɗaga mutum, amma inda ya fi ɗagawa shi ne a ƙasa, wajen masu fama. An ga haka a ƙauyukan yammacin Kenya, inda ƙungiyar GiveDirectly ta riƙa tura wa matalauta kuɗi ta waya ba tare da sharaɗi ba. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna yunwa ta ragu, damuwa ta ragu, kuma kuɗin bai tafi ga giya ko taba ba kamar yadda wasu suka yi zato. Addininmu ma bai ce talauci abin so ne ba. Annabi (SAW) da ya ce wadata ita ce wadatar zuci, shi ne kuma ya nemi tsari daga talauci da rinjayen bashi, shi ne ya gaya wa Sa'adu bn Abi Waƙƙas cewa ya bar magadansa da wadata ya fi ya bar su suna roƙon mutane.

To, dukiya na da amfani ga zuciya. Sai maganar adadi.

Dokar ninki 25 tana da asali. Wani mai ba da shawara kan harkar kuɗi a Kalifoniya, William Bengen, shi ya wallafa lissafinta a 1994. Ya ɗauko tarihin kasuwar hannun jari da na takardun lamunin gwamnatin Amurka tun daga 1926, ya yi tambaya: da mutum ya yi ritaya a kowace ɗaya daga cikin waɗannan shekaru, da kusan rabin kuɗinsa a hannun jari, rabi a takardun lamuni, nawa zai iya cirewa duk shekara ba tare da kuɗin sun ƙare kafin shekara 30 ba? Amsar da ya samu ita ce kashi 4 cikin 100 a shekarar farko, sannan ya riƙa ƙara adadin daidai da tashin farashi. Har waɗanda suka yi ritaya gab da durƙushewar kasuwa ta 1929, da waɗanda suka yi a tsakiyar shekarun 1960 kafin tsadar da ta biyo baya, duk sun tsira da wannan adadi. Malamai uku na Jami'ar Trinity a Texas sun samu makamancin haka a 1998. Kashi 4 cikin 100 shi ne ɗaya cikin 25, daga nan ninkin ya fito.

Lissafi ne mai kyau, amma a duba sharuɗɗan da yake tsaye a kansu. Shekara 30 aka auna, domin mai shekara 60 ko 65 aka yi wa shi. Mai 40 yana iya buƙatar shekara 45. Da dala aka yi shi. A kan kasuwar Amurka aka gina shi, wadda ta fi kusan kowace kasuwa sa'a a ƙarni na 20. Da wani masani, Wade Pfau, ya gwada dokar a kan tarihin ƙasashe 17 masu arziki a 2010, a mafi yawansu ba ta tsira ba. Sannan Ba'amurken da kuɗinsa suka ƙare yana da abin faɗawa a kai: fanshon gwamnati da zai iya fara karɓa tun yana 62, da inshorar lafiyar tsofaffi da ke kama shi a 65. Tsadar da ta girgiza su a 1980, wadda har yau suke ba da labarinta, ba ta kai kashi 15 cikin 100 ba.

Mu kuwa a Najeriya, hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin 100 a 1995. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 34.8 ce. Mu buga misali. Magidanci na kashe naira 500,000 a wata, miliyan 6 ke nan a shekara. Ninki 25 ya ba shi miliyan 150, adadin da yawancinmu za mu ji shi mu ce ai an gama. A ce farashi na tashi da kashi 25 cikin 100 duk shekara. A shekara ta biyu, rayuwar da ya saba tana cin miliyan 7.5. A ta biyar ta haura miliyan 14. A ta goma ta doshi miliyan 45. In kuɗin a ajiye suke kawai, ba za su cika shekara tara ba. In ya zuba su inda suke kawo kashi 18 cikin 100 a shekara, abin da mutane da yawa za su kira riba mai tsoka, to za su kai shi kimanin shekara 16. Wanda ya ajiye aiki yana 40 zai wayi gari hannu wofi yana 56, shekarun da ba mai ɗaukarsa aiki, ga hawan jini da ciwon suga sun fara sallama.

Wanda yake ganin misalin ya yi tsanani, ya tuna kuɗin kujerar Hajji. A 2023 bai kai naira miliyan 3 ba. A 2025 ya haura miliyan 8. Akwai dattawan da suka yi shekaru suna tarawa, suka kusa cikawa, kafin su ankara kujerar ta yi musu nisa. Ko kuma ya duba sukuk, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, mai wa'adin shekara bakwai, wanda ke biyan kashi 16.47 cikin 100 a shekara. Musulmi da yawa masu gudun kuɗin ruwa sun yi murna da shi, kuma gwamnati ta cika alkawari. Amma lokacin da aka saya, dala tana wajen naira 360 a hannun 'yan canji. Lokacin da aka mayar da uwar kuɗin a 2024, ta wuce 1,500. Wanda ya riƙa cin abin da sukuk ɗin ke kawowa yana ciyar da iyali, kamar yadda mai ritaya zai yi, ya karɓi uwar kuɗin da ba ta kai rubu'in darajarta ta dala ba. Ba wanda ya cuce shi a takarda. Naira ce ta zube a ƙarƙashinsa, musamman bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin farashin canji a watan da ya biyo.

'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu sauƙi ta wannan fuska, domin sefa a ɗaure take da yuro. Duk da haka manyan 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi a dare ɗaya. A Ghana kuwa, inda tsada ta haura kashi 50 cikin 100 a ƙarshen 2022, gwamnati ta sauya sharuɗɗan takardun lamuninta na cikin gida, har tsofaffin da suka zuba kuɗin tsufansu a ciki suka yi ta zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Akra a farkon 2023, cikinsu har da tsohuwar babbar mai shari'a ta ƙasar, Sophia Akuffo. Su ma ajiyar da aka ce ta fi kowace aminci suka zaɓa.

Akwai kuma wani abu da Bengen ba shi da dalilin sawa a lissafinsa, amma Musulmi ba shi da ikon cirewa daga nasa: zakka. Duk tsabar kuɗin da ta kai nisabi ta shekara a hannu, ana fitar da ɗaya cikin 40, wato kashi 2.5 cikin 100. Wanda ke cire kashi 4 don ci, to kashi 6.5 ke fita daga dukiyarsa duk shekara, kuma sai ribar ta rufe wannan ta rufe tsada kafin a ce uwar kuɗi ta tsaya cik. Hukuncin ya bambanta ga gidan haya da hannun jari, wannan sai a tambayi malamai. Amma manufar a fili take: shari'a ba ta son dukiya ta kwanta. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito Sayyidina Umar yana umarni da a juya dukiyar marayu a kasuwanci don kada zakka ta cinye ta. Tsarin da ya ginu a kan a tara a zauna a riƙa ɗiba, tun daga tushe ya sha bamban da wannan fahimta.

Shi ya sa nake ganin tambayar nawa zan tara ba ita ce ta dace da mu ba. Tarin kuɗi rumbu ne, komai girmansa ɗiba ake yi, ga gara tana ci ta ƙasa. Sana'a ko kadara mai kawowa kuwa gona ce, duk damina tana bayarwa da farashin wannan shekarar. Iyayenmu sun san haka ba tare da sun karanta Bengen ba, shi ya sa suke mayar da kuɗi fuloti, gidan haya, shanu, zinariyar mata, ko kaya a shago. Sai dai kowanne da nasa ciwon. Fuloti ba ya cefane, kuma ranar da ka matsu za a taya shi da wulaƙanci, ban da rikicin takardu. Kuɗin haya ba ya bin tsada da sauri, ga gyara, ga ɗan hayar da kunya ko zumunci ba za su bari ka tashe shi ba. Shanu, waɗanda su ne bankin karkara tun kaka da kakanni, ɓarayin daji sun kwashe garke-garke a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Kaya a shago, a tambayi waɗanda gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta shafa a 2016, ko ta Monday Market a Maiduguri a 2023, kafin ambaliyar madatsar Alau ta sake afka wa garin a Satumbar 2024. Hannun jari kuwa, waɗanda suka sayar da filaye suka sayi na bankuna a 2007 sun ga kasuwar ta zube da kimanin kashi biyu cikin uku tsakanin Maris na 2008 da farkon 2009.

Ko banki ma yana da iyaka. Da Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, abin da hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta lamunce wa kowane mai ajiya kai tsaye naira miliyan 5 ne, kuma a shekarar ce aka ɗaga shi daga 500,000. Abin da ya haura haka sai an jira sayar da kadarorin bankin. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mun ga masu miliyoyi a asusu suna layi don samun naira 5,000. Wannan rashin tabbas shi ke tura mutane hannun 'yan damfara. Wanda ya ga ajiyarsa na narkewa, in aka ce masa ga inda za ta ninka a wata ɗaya, sai ya rufe ido. Haka MMM ta yi a 2016, haka CBEX ta yi a 2025.

Maganar aminci ba ta tsaya ga inda aka ajiye kuɗi ba. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fitowa. Ciwon ƙoda guda ɗaya, da wanki sau biyu ko uku a mako, ya isa ya cinye gida da mota da fuloti a shekara biyu. Ba unguwar da ba ta san irin wannan labari ba. Babu ninkin da ke rufe wannan ƙofa, sai inshora mai aiki ko dangi masu tsayawa. A wasu yankunan kuma dukiyar kanta ce ke jawo haɗari. A ƙauyuka da dama na arewa maso yamma, sabon kwano a kan ɗaki ko garken shanu a bayan gida ya isa a kai sunanka daji, har masu hali suka tattara suka koma birni. Fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka kai wa hari a ranar 28 ga Maris na 2022, da yawansu masu rufin asiri ne da suka zaɓi jirgi don gudun hanyar mota. Na ƙarshensu sai a Oktoba suka dawo gida. Akwai amincin da gwamnati ce kaɗai ke iya samar da shi, kuma in ta gaza, mai kuɗi da talaka duk suna kwana da ido ɗaya.

Sai dangi. Je ka ƙofar gidan duk wanda aka san Allah ya buɗa masa, da sassafe bayan an fito masallaci. Ga ƙanin mahaifi da takardar asibiti a ninke cikin aljihun gaba, ta yi laushi don yawan buɗewa. Ga ɗan ƙanwa, an ce ranar Juma'a za a rufe rajistar jarrabawa. Ga tsohuwa maƙwabciya ta zo da maganar kayan ɗakin marainiyar da ke hannunta, saura mako uku biki. Ba mai iya duban idonsu ya ce lissafinsa na shekara bai ba da wannan ba, kuma a ganina bai kamata ya ce ba. Waɗannan mutane su ne za su ɗauke shi in ya faɗi, su ne za su zauna da shi a asibiti, su ne za su riƙe masa 'ya'ya. Ita ce inshorar da muka gada, kuma kuɗinta ke nan ake biya. Amma ma'anarta ita ce, abin da magidanci ke kashewa a shekara ba adadi ne da shi kaɗai ke yankewa ba. Yana ƙaruwa da ƙaruwar sunansa. Ranar da aka ji ya ajiye aiki yana ɗan shekara 40, abin da dangi za su fahimta shi ne ya tara ya gama, sai buƙatu su ƙaru a daidai lokacin da albashi ya tsaya. Lissafin Amurkawa na miji da mata da 'ya'ya biyu ne, waɗanda ke barin gida in sun girma.

To a ce duk an tsallake waɗannan, kuɗi sun isa. Shin mutum na son zaman? A Suwidin masana sun bi dubban mutanen da suka ci manyan kuɗi a cacar ƙuri'a, domin a nan sa'a ce ta zaɓi wanda ya samu, ba ƙwazo ko gado ba, don haka ana iya ganin aikin kuɗin shi kaɗai. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna gamsuwarsu da rayuwa ta ƙaru kuma ta ɗore sama da shekara goma, duk da cewa tasirin a kan walwalar yau da kullum da lafiyar ƙwaƙwalwa bai kai haka ba. Wani binciken a kan irin waɗannan mutane ya nuna ɗan rage aiki kawai suka yi. Mafi yawansu ba su ajiye shi ba. Abin bai ba ni mamaki ba. Aiki shi ke ba mutum dalilin yin wanka ya sa riga da safe, shi ke haɗa shi da mutane, shi ke sa a tambayi ra'ayinsa. Mun sha ganin ma'aikacin da ya yi shekara 35 cikin ƙoshin lafiya, ya yi ritaya, shekara biyu a ƙofar gida ya tsufa tuɓus. Abin da yawancin masu mafarkin ritayar wuri ke gudu shi ne wulaƙancin maigida, da cunkoson hanya, da rashin ganin 'ya'yansu ido biyu. Waɗannan kuwa ana iya maganinsu da abin da bai kai ninki 25 ba. Gidan kanka da ba mai tashinka, rashin bashi, ajiyar da za ta riƙe gida wata shida ko shekara, da wata hanyar samu ta biyu: mai waɗannan yana iya cewa a'a ga aikin da ke cin mutuncinsa, ya nemi wani a tsanake.

'Yan kasuwarmu sun daɗe da tasu irin ritayar, kuma ina ganin ta fi dacewa da ƙasar da kuɗinta ba ya tsayawa. Shiga Kantin Kwari da hantsi. Za ka ga dattijo ya iso bayan rana ta ɗaga, ya zauna a kujerarsa can cikin shago, carbi a hannu. Ba ya ɗaga bandir ɗin atamfa, ba ya taɓa na'urar POS. Ɗansa ko yaron da ya rena ne ke ciniki, yana duba shigar kuɗi a waya. Amma in baƙo ya zo daga Agadas ko Njamena yana son kaya bashi, wajen dattijon ake dubawa, in ya gyaɗa kai a ɗaure kaya. Da la'asar ya tafi gida. Ya huta da wahalar, bai rabu da jarin ba, kuma jarin na juyawa da farashin yau: in dala ta tashi, kuɗin atamfa ya tashi. Tsarin yana da nasa rauni, domin ya dogara ga amanar wanda aka bar wa shago, kuma shaguna da yawa sun watse wajen rabon gado. Duk da haka ya magance abu biyu da tarin naira ba ya magancewa, tsada da zaman banza.

Ma'aikacin albashi ba shi da shagon da zai miƙa wa ɗa, don haka sai ya gina makamancinsa tun yana bakin aiki, kuma ya san abin da dokar fansho ta ce kafin ya rubuta takardar ajiyewa. A ƙarƙashin dokar 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ana cire aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa na fansho. Ranar da ya bar aiki, wannan kashi 10 ya tsaya. In ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ne, inshorar lafiyar da ke ɗauke da shi da matarsa da 'ya'ya huɗu a jikin aikin take. Kuɗin asusun kuma, wanda mafi yawansa a takardun lamunin gwamnati ake zuba shi, ba a buɗe masa sai ya cika shekara 50, in ba larurar rashin lafiya ba. Abin da kawai zai iya nema kafin nan shi ne kashi 25 cikin 100, bayan ya yi wata huɗu ba aiki. Wanda ya ajiye yana da 40, shekara goma cur zai yi yana ci daga abin da ya tara a waje, a daidai shekarun da 'ya'yansa ke shiga sakandare da jami'a, kafin doka ta ba shi damar taɓa sauran.